Yadda zaka gane kashi nawa cikin ɗari kiyasinka ya kauce, da rigimar da munka yi da kawu kan buhunan albasa

Wanga bayani albasa ce ta jawo shi, ba wai zama na yi haka kawai na ce bari in koya ma mutane lissafi ba. Kawuna yana noman rani can fadamar Wurno, ni kuma tunda na gama makaranta aiki bai samu ba sai ya zamana ni ke riƙe mishi littafi, da yamma kuma in yi ma yaran unguwa lesin na lissafi in samu na kati. To bara kamin a fara cirar albasa kawu ya shiga gona ya zagaya, hannu goye ga baya, ya duba ganye, ya tono guda ukku ya jinjina su ga hannu, ya ce buhu 120 in sha Allahu. Bisa wagga magana munka sawo buhunan zubi guda 120, munka yi magana da mai mota, har dillalinshi na kasuwar Kara an gaya mishi ya sa rai da 120. Da anka gama cira anka shanya anka ɗura, buhu 96 munka ƙirga. Na sake ƙirgawa kar ya zamana idona ne, 96 dai.

Da dare muna zaune ƙofar gida na ce mishi kawu, bana fa kiyasinka ya kauce da kashi 25 cikin ɗari.

Ya ɗago kai ya ce "kai yaro mi kake hwaɗi? Buhu 24 munka rasa cikin 120, ai ashirin na, ko bokon naku ya canza lissahi?"

Ka ga dai ni da shi ba mu yi gardama kan 24 ba, kowa ya yarda 24 ne tsakani. Gardamar ita ce 24 ɗin da wa za a auna shi, da 120 da bakinshi ya faɗa ko da 96 da gona ta bayar. Kuma wallahi duk wanda ya gane wanga wuri guda ya gama da wanga lissafi, sauran duk danne-dannen kalkuleta ne.

Bari in fara da yadda ake yi sannan mu dawo kan kawu. Lamba biyu kake buƙata. Ta farko kiyasi, wato abin da anka faɗa da ka kamin a auna, ko abin da wani ma'auni maras kyau ya nuna. Ta biyu ainihi, wato abin da anka samu bayan an ƙirga ko an auna da abin da anka yarda da shi. Kamin ka taɓa waya ka tsaya ka tambayi kanka wace ce ainihin cikin biyun, don rabin waɗanda ke faɗuwa wanga lissafi nan suke faɗuwa, ba wurin rabawa ba. Ainihi ba ita ce babbar lamba ba, ba kuma ita ce wadda anka fara faɗi ba. Ita ce wadda in kun je gaban alƙali za a iya nunawa a ce ga ta.

In ka ware su sai ka debe ƙaramar daga babbar. 120 a debe 96 saura 24. Wanga shi ne girman kuskuren, da buhu ake faɗinshi ba da kashi ba tukuna. Sai ka raba shi da ainihi, 24 a raba da 96, zai baka 0.25. Sai ka ninka sau 100, ya zama 25. Shi kenan, kashi 25 cikin ɗari. In kana so ka rubuta ga bangon shago ga shi a layi guda:

(bambancin kiyasi da ainihi) ÷ ainihi × 100

To mi ya sa ainihi ake sawa ƙasa ba kiyasi ba? Abin da na gaya ma kawu shi ne, a ce gona buhu 100 za ta bayar. Mutum na farko ya ce 200, na biyu ya ce 500, na ukku mai shegen cika baki ya ce 1,000. In da kiyasinsu za mu raba, na farko ya kuskure da kashi 50, na biyu kashi 80, na ukku kashi 90. Ka duba fa, mutumin da ya ninka gaskiya sau goma wai kashi 90 kawai ya kauce, kuma ko miliyan ya ce ba zai taɓa kai 100 ba, saboda duk sanda ya ƙara ƙarya yana ƙara ma kanshi girman abin da za a raba da shi ne, ƙaryar tashi ce ke ba shi inuwa. Amma in da 100 na gaskiya munka raba, na farko kashi 100, na biyu 400, na ukku 900, kowa ya ɗauki kayanshi daidai nauyinsu. Kamar a ce mai sayar da gero shi zai zo da tiyarshi daga gida kuma shi zai yanke girmanta, ai ba a ciniki haka. Ma'auni ɗaya ake ajewa tsakiya kowa a auna shi da shi, kuma nan wurin ma'aunin shi ne abin da ya faru da gaske.

Kawu bai ce ya yarda ba, dattijo ba ya cewa ya yarda, cewa ya yi a kira mishi ɗanshi da ke aji biyar na sakandare ya danna ga waya a ji. Nan ne abin dariya ya faru wanda shi ya sa ma nake son in ja kunnen duk mai amfani da kalkuletar waya. Yaron ya danna 120 − 96 ÷ 96 × 100 a jere ba tare da ya danna alamar daidai tsakani ba, waya ta fito da 20. Kawu ya buga cinya ya ce to ka ji, har na'ura ta bi bayana. Ni kaina sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Abin da ya faru shi ne kalkuletar waya ba ta bin yadda ka jera, rabawa da ninkawa take fara yi kamin debewa, sai ta raba 96 da 96 ta samu 1, ta ninka sau 100 ta samu 100, sannan ta debe 100 daga 120 ta bada 20. Sa'a ce kawai ta sa ya yi daidai da lambar kawu, da kiyasinshi 150 ne da 50 za ta bayar, da 90 ne da ta bada lamba mai alamar debewa gaba. Don haka in zaka danna, ka danna debewar ka buga daidai, sannan ka raba ka buga daidai, sannan ka ninka. Ko ka sa debewar cikin baka biyu. Kuma maɓallin nan mai alamar % ni shawarata ka rabu da shi, kowace waya da yadda take fassara shi, ninkawa sau 100 da hannunka ya fi kwanciyar rai.

Masu aiki da kwamfuta, in kiyasi na A2 ainihi na B2, cikin Excel ka rubuta =ABS(A2-B2)/B2*100 ka ja shi ƙasa. ABS ɗin nan aikinshi ya cire alamar debewa.

Tunda na ambaci alamar, bari in ɗan tsaya kanta. A makaranta ana koya ma yara su yar da ita, amsa kullum ba ta da alama, kuma a jarabawa haka ake so. Amma a kasuwa ni ban cika yar da ita ba, don akwai bambanci babba tsakanin wanda ya zarce da wanda ya gaza. In ka debe ainihi daga kiyasi kullum a wanga tsari, lamba maras alama na nufin an zarce, mai alamar debewa na nufin an gaza. Manomi da ya zarce ya ci bashi bisa amfanin da babu shi. Mai biki da ya gaza, baƙi sun zo shinkafa ta ƙare. Kashin na iya zama iri ɗaya ga takarda amma ciwon ba ɗaya ba ne. Sai dai in zaka faɗa ma mutum da baki kar ka ce mishi debe sha biyu, ka ce ka gaza da kashi 12, ya fi shiga kunne.

Wani zai ce to mi ya kawo wahalar kashi, ba sai a ce buhu 24 a wuce wurin ba? Ga misali da lambobin ƙidayar 2006. Ƙidayar ta ce jihar Sakkwato na da mutum 3,702,676, Najeriya baki ɗaya kuma 140,431,790. A ce wani ya ce Sakkwato miliyan 4 ce, wani kuma ya ce Najeriya miliyan 140 ce. Na farko ya kauce da mutum 297,324, na biyu ya kauce da 431,790. In da ido za a duba sai a ce na biyu ya fi kuskure tunda lambarshi ta fi yawa. Amma raba ka gani. 297,324 a raba da 3,702,676 sau 100 ya kama kashi 8 da ɗan ɗoriya. 431,790 a raba da 140,431,790 sau 100 ya kama wajen kashi 0.3 kacal. Wato na biyun kusan daidai ya faɗa, na farkon ne ya yi nisa. Rasa tiya guda cikin buhu da rasa tiya guda cikin tiya biyu ai ba zance ɗaya ba ne, to kashi cikin ɗari shi ke fito da wanga bambanci fili, kuma shi ke ba ka dama ka gwada kiyasin mai albasa da na mai bulo duk da ɗaya buhu yake ƙirgawa ɗaya bulo.

Maganar bulo ta tuna min wani tarko wanda ni kaina na taɓa faɗawa. Lokacin da munka zagaye filin gidanmu magini ya zo ya taka ya ce bulo 1,500 zai isa. Aiki ya ƙare bisa 1,800. Kuskuren kiyasinshi 300 a raba da 1,800, wato kashi 16.7. Amma yayana da ya biya kuɗin cewa yake kashi 20 anka ƙara mishi, kuma shi ma gaskiya ya faɗa, don ya tanadi kuɗin 1,500 sai da ya ciko na 300, kuma 300 cikin 1,500 kashi 20 ne. Tambayoyi biyu ne daban suka sa riga iri ɗaya. In tambayar ita ce nawa magini ya kauce daga gaskiya, da 1,800 za a raba. In tambayar ita ce nawa kasafina ya ƙaru, da 1,500 za a raba don daga nan anka tashi. Haka lissafin kawu na 20 ma ba shirme ba ne, amsa ce ta wata tambaya, wato kashi nawa na abin da na sa rai ban samu ba. Matsalar ita ce mutum ya amsa waccan ya ce wagga ya amsa. Haka nan in ka zuba albasa buhu 96 cikin rudu, wato ma'ajiyar albasa, bayan wata huɗu ka kwashe 72, wannan ba kuskuren kiyasi ba ne, raguwa ce, da abin da ka zuba farko zaka raba.

Kuma lura da 16.7 ɗin can. In ka raba 300 da 1,800 waya za ta baka 0.16666 har ƙarshen allo. Kar ka yi gaggawar cewa ai 0.2 ne sannan ka ninka, sai ka tashi da 20 alhali 16.7 ne. Ka bar lambar yadda take sai ka ninka sau 100 sannan ka datse wutsiyar, gurbi ɗaya ko biyu bayan ɗigo ya isa.

Abu na gaba da ke kada mutane shi ne ma'auni ya sha bamban. Ba a debe tiya daga buhu, ba a debe giram daga kilo, ba a debe inci daga yadi sai an mai da su abu guda. Kilo guda giram 1,000 ne, yadi guda inci 36. Amma wanda ya fi cin mutane shi ne lokaci. Direba ya ce muku awa 2 za ku isa, kunka yi awa 2 da minti 30. Sai ka ga yaro ya danna 2.30 ga kalkuleta, ya debe 2, ya raba 0.30 da 2.30 ya samu kashi 13. Ba haka ba ne, awa minti 60 ce ba 100 ba, rabin awa 0.5 ne. Mai da komai minti ka huta: kiyasi 120, ainihi 150, tsakani 30, a raba da 150 ya bada 0.2, kashi 20. Duk shekara sai na samu yaran lesin da ke wanga kuskure, har na gaji na ce duk wanda ya sake rubuta min 2.30 shi zai share allo sati guda.

Tunda an zo kan yara, masu shirin WAEC da NECO ku matso, wanga abu yana fitowa kuma maki ne na banza in ka iya. Salo biyu yake zuwa. Na farko a ce igiya tsawonta mita 4 ne yaro ya auna ya samu 3.95. Ainihi 4, tsakani 0.05, a raba da 4 ya bada 0.0125, sau 100 kashi 1.25. Su masu fitar da tambaya sun san halinku, cikin zaɓin da za su baku sai sun sa amsar wanda ya raba da 3.95, tana nan kusa-kusa da ta gaskiya tana jiran mai gaggawa. Salo na biyu ba a ba ka lamba biyu, cewa za a yi an auna sanda an samu santimita 25 zuwa santimita mafi kusa, a nemo kuskuren. Nan sai ka tuna duk abin da ke tsakanin 24.5 da 25.5 za a iya kiranshi 25, don haka iyakar kaucewar rabin santimita ce, 0.5 a raba da 25 sau 100, kashi 2. Nan wurin da abin da anka auna ake rabawa don shi kaɗai ke hannu. Kuma in kana son ka ga yadda kiyasi mai kyau yake, duba 22/7 da kuke amfani da shi wurin lissafin da'ira, shi 3.142857 ne, ainihin lambar kuma kusan 3.141593 ce, kaucewar kashi 0.04 ce kacal. A fiziks kuma da ake ce muku ku ɗauki jan ƙasa a matsayin 10 maimakon 9.8, wannan kashi 2 ne da ɗan kai.

Akwai inda wanga lissafi ke ƙin aiki gaba ɗaya, ya kamata a sani. In ainihi sifili ne ba a rabawa da sifili, waya ma ƙi za ta yi. Waɗanda sunka ga ambaliyar 2010 nan Sakkwato, wadda ta cinye gonaki ta yanke hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san manomi na iya sa rai da buhu 50 ya tashi da babu. Nan ba kashi ake faɗi ba, cewa ake buhu 50 anka sa rai ba a samu ko ɗaya ba, Allah ya mayar da alheri. Ko da ba sifili ba ne, in ainihin ya yi ƙanƙanta ƙwarai lambar haukacewa take. An sa rai da 50 an samu 2, tsakani 48, a raba da 2 sau 100, kashi 2,400. Lissafin daidai ne amma bai gaya maka komai kan gwanintar mai kiyasin ba, ruwa ne ya zo. Wani abu kuma da zaka lura, mai zarcewa na iya wuce kashi 100 ya yi ta tafiya, amma mai gazawa ba ya wuce 100, don iyakar gazawa mutum ya ce babu. Saboda haka in ka ga kiyasi ya fi ainihi ƙanƙanta amma amsarka ta fito 130, koma ka duba, da kiyasi ka raba.

To kashi nawa ne ya yi yawa? Wannan lissafi ba zai gaya maka ba, sana'a ce ke faɗi. Mutumin da ya kalli gona da ido ya kauce da kashi 10 ni wurina gwani ne, a jinjina mishi, don albasa cikin ƙasa take ba ganinta yake ba. Magini da ke da tef ga aljihu ya kauce da kashi 17 wannan kasala ce, bai auna ba takawa ya yi. Mai sayar da zinari ko mai auna maganin jariri kuwa kashi 1 ma magana ce. Kuma kar wani ya ɗauka kiyasi abin kunya ne ko aikin marasa boko, Manzon Allah (SAW) yakan aiki Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Khaibara ya kiyasta dabino tun yana bisa icce. Ba a iya rayuwa sai da shi, wa zai jira a gama girbi kamin ya nemi buhu?

Inda abin ya fi min daɗi shi ne da na koma cikin tsofaffin littattafan kawu na tattaro shekara ukku, don shekara guda ba ta isa a yanke ma mutum hukunci. Wata shekara ya ce 70 anka samu 80, ya gaza da kashi 12.5. Wata ya ce 110 anka samu 100, ya zarce da kashi 10. Sai ta bara da ya zarce da 25. In kana son ka san yawanci nawa yake kaucewa, ka yar da alamun ka tara, 12.5 da 10 da 25 ya zama 47.5, a raba ukku, kusan kashi 16. In kuma so kake ka san ina ya fi karkata, ka bar alamun, 25 da 10 a debe 12.5 saura 22.5, a raba ukku, 7.5 ta wajen zarcewa. Kar ka haɗa biyun. Mutumin da ya zarce da 30 bana ya gaza da 30 baɗi, in ka bar alamun sai su cinye juna ya fito da sifili kamar wani waliyyi, alhali sau biyu yana jefa ku rami. Lissafin da anka yar da alamun ke gaya maka ko za a dogara da shi, wanda ke da alamun kuma ke gaya maka ta wane gefe zaka yi mishi gyara.

Gyaran ma akwai tarko cikinshi, kuma shi ne na ƙarshe da munka yi gardama kanshi. A ce ka san mutum ya saba zarcewa da kashi 25, bana ya ce 150, nawa zaka sa rai? Da yawa za su cire kashi 25 na 150, wato 37.5, su ce 112 da rabi. A'a. Kashi 25 ɗin na ainihi ne ba na kiyasi ba, kiyasin nashi ainihi ne da rubu'inshi a sama, don haka rabawa zaka yi da 1.25, ya baka 120. Gwada ka gani, rubu'in 120 shi ne 30, a tara ya koma 150 cif. In kuma mai gazawa ne da kashi 25, da 0.75 zaka raba, wanda ya ce 150 ka sa rai da 200.

Bana da kawu ya zagaya gona ya dawo bai faɗi lamba gaban mutane ba, kirana ya yi gefe ya ce "ɗana, idona ya ba ni 130, kai mi littahinka yac ce?" Na ce kawu in munka bi karkatarka ta shekara ukku, 130 a raba da 1.075 ya kama 121, amma tunda kana iya kaucewa da kashi 16 ko ta wane gefe, kar mu yi ma dillali alkawarin abin da ya wuce 105, buhunan zubi kuma mu sayi 120 tunda akwai ragowar 24 na bara cikin ɗaki, in Allah ya sa albarka ta wuce haka ba mu rasa abin zubawa ba. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce a gaya ma dillali 110, biyar ɗin sama nashi ne ba na littafi ba. Na rubuta 130 ɗin ga shafin bana da kwanan wata, gurbin ainihi na bar shi fili sai an ɗura.